Giya Da Bakin Jariri: Abin Da Likitoci Suka Gano

Kafin ki yi nisa da karatu, ina so ki ɗora ɗan yatsanki a ƙarƙashin hancinki. Za ki ji wani ɗan kwari da ya gangaro zuwa leɓen sama, da 'yan tudu biyu a gefensa, ɗaya dama ɗaya hagu. Da yawanmu ba mu taɓa kula da shi ba. To amma likitocin yara suna duba shi da kyau, domin a wurin ne sassan fuskar ɗan tayi suka haɗu suka manne a makonnin farko na ciki. In wani abu ya dami wannan haɗuwa, sai wurin ya fito a shafe, sumul, babu kwari babu tudu. Ɗaya daga cikin manyan abubuwan da ke jawo haka ita ce giyar da uwa ta sha tana da juna biyu.

Na san wata za ta ce, "Haba Malama, mu da ko warin giya ba mu so, addini ma ya hana mu, mene ne namu a cikin wannan magana?" Gaskiyarki. Amma ki tuna ba mu kaɗai ne a gari ba. Akwai maƙwabta da abokan aiki waɗanda burkutu ko fito ko bammi abin sha ne na yau da kullum a gidajensu, kuma 'ya'yansu suna zama benci ɗaya da namu a makaranta. Sa'an nan kuma barasa ba kullum take zuwa da sunanta ba. Akwai jiƙe-jiƙen saiwoyi da ake tallarsu a tasha da bakin kasuwa da sunan maganin ciwon baya ko basir ko zazzaɓi, waɗanda a cikin ogogoro aka jiƙa su. Akwai kuma wasu magungunan kwalba na tari da na ƙarin kuzari da ke da barasa a ciki, an rubuta a jikin takardar, sai dai ba kowa ke karantawa ba. Mai ciki tana iya kurɓar irin waɗannan da zuciya ɗaya.

Wani likitan yara Bafaranshe mai suna Paul Lemoine, a birnin Nantes, shi ne ya fara tattara bayani sosai a kan wannan lahani. A 1968 ya buga rahoto a kan yara 127 waɗanda iyayensu mashaya ne, ya ce ga su ƙanana, ga jinkirin fahimta, ga fuskokinsu sun yi kama da juna sai ka ce 'yan gida ɗaya. Ba a damu da maganarsa ba a lokacin. Sai a 1973 wasu likitoci biyu na Jami'ar Washington da ke Seattle a Amurka, Kenneth Jones da David Smith, suka ga irin wannan kamanni a jikin wasu yara 'yan kabilu daban-daban, suka buga a mujallar likitoci ta Lancet, suka raɗa wa abin suna. Ma'anar sunan ita ce lahanin barasa ga ɗan tayi, likitoci kuma suna taƙaita shi da haruffa uku, FAS. A 1981 Babban Likitan Gwamnatin Amurka ya yi shela cewa mai ciki ta guji giya gaba ɗaya, a 1988 kuma aka yi doka a can cewa dole a rubuta wannan gargaɗi a jikin kowace kwalba.

Yadda abin ke faruwa ba shi da wuyar ganewa. In uwa ta sha, barasar tana shiga jininta, ta ratsa mabiyiya, ta bi ta igiyar cibiya zuwa ga ɗan tayi. Cikin ɗan lokaci kaɗan yawan barasar da ke jininsa ya kusa daidai da na uwarsa. Ita uwa tana da hanta babba mai tace ta. Shi kuwa hantarsa ba ta ƙosa ba. Abin da ya fitar ma cikin ruwan da yake kwance a ciki yake zuba, ya sake haɗiye shi. Watau uwa ta wartsake ta kama harkokinta, shi yana nan cikin maye.

A 1981 wata masaniya mai suna Kathleen Sulik da abokan aikinta a Jami'ar North Carolina suka yi wani gwaji da ɓeraye masu ciki. Cikin ɓera kusan kwana 20 ne. Suka ba su barasa a rana ɗaya tak, rana ta 7, sai 'ya'yan suka fito da ƙananan idanu da shafaffen leɓen sama, irin na yaran da Jones da Smith suka kwatanta. Rana ta 7 a wurin ɓera ta yi daidai da mako na 3 bayan shigar ciki a wurin ɗan Adam. Ki lissafa da kanki, 'yar'uwa. Lokacin ne mace take fara cewa watakila ta yi ɓatan wata, ba ta ma faɗa wa maigida ba tukuna.

Daga mako na 4 zuwa na 8 ake gina fuska. Wasu 'yan ƙwayoyin halitta suna tasowa daga gefen wurin da ƙwaƙwalwa da laka za su kasance, su yi ƙaura zuwa gaba, su ne za su zama ƙasusuwan fuska da muƙamuƙi da cikin haƙori. Waɗannan ƙwayoyi ba su jure barasa, tana kashe su da yawa. In kayan gini suka gaza, ai ɗakin ba zai kai yadda aka auna shi ba. Leɓen sama yana gama haɗuwa wajen mako na 7. Ganɗa, watau rufin baki, tana tasowa ne kamar ƙyaure biyu daga dama da hagu, su haɗu a tsakiya kafin ƙarshen wata na 3. Tushen haƙora kuwa tun mako na 6 ake kafa shi a cikin dasashi, a wata na 4 kuma haƙoran fari suke fara ƙarfi. Ashe haƙorin da muke wa guɗa in ya tsiro a wata 6 bayan haihuwa, ya fi shekara guda ana aikinsa a ɓoye.

ABIN DA AKE GANI A BAKIN YARON

Alamu uku ne na fuska likitoci suka dogara da su: gajeriyar tsagar ido, shafaffen kwarin nan na ƙarƙashin hanci, da siririn leɓen sama. A Jami'ar Washington, Susan Astley da Sterling Clarren sun shirya wani ma'auni na hotunan leɓe guda 5, daga mai zurfin kwari zuwa shafaffe ƙwarai, wanda likita zai riƙe kusa da fuskar yaro ya gwada. Sai yaron ya saki fuskarsa ake aunawa, domin ko ke kika yi murmushi leɓenki zai miƙe ya sirance.

Amma abin bai tsaya a leɓe ba, in aka buɗe bakin akwai sauran magana. Sau da yawa muƙamuƙin sama bai girma sosai ba, shi ya sa tsakiyar fuska take zama a baje. Wasu kuma haɓarsu ce ƙarama, ta koma baya. Ganɗa takan yi zurfi ta matse kamar kwale-kwalen da aka kife. To haƙora 20 na yarinta, da 32 na girma, duk a cikin wannan matsattsen wuri za su nemi mazauni. Sai ki ga sun yi cunkoso, wani ya hau wani, wani ya juya gefe. A ka'ida, in mutum ya rufe baki haƙoran sama suna ɗan rufe na ƙasa ta waje, kamar yadda murfi ke rufe kwano. In muƙamuƙin sama ya matse, sai abin ya juye, na sama su faɗa ta cikin na ƙasa. Likitocin haƙori na Jami'ar Münster a Jamus, a binciken da suka buga a 2019, sun tarar irin wannan juyayyen cizo ya fi yawa ga yara masu wannan lahani in aka gwada su da sauran yara. A Afirka ta Kudu ma, Farfesa Sudeshni Naidoo ta Jami'ar Western Cape ta auna fuska da muƙamuƙin irin waɗannan yara ta ga bambanci a yadda ƙasusuwan suka girma.

Haƙoran kansu sukan zo ƙanana, ko su yi jinkirin fitowa, wani lokaci ma wani haƙorin ba ya nan sam. Abin da ya fi damuna ni shi ne farin ɓawon haƙori, wannan mai sheƙi da ke waje. Babu abin da ya kai shi tauri a jikin mutum, amma sau ɗaya ake yin sa, in ya lalace ba ya sake tofowa kamar fata ko farce. In aka dami aikinsa tun a ciki, sai haƙori ya fito da tabo fari ko rawaya, ko 'yan ramuka, ko ɓawon ya yi siriri. Irin wannan haƙori ruwan sanyi ma zafi yake masa, kuma nan da nan yake yin kogo.

Sa'an nan wata matsalar tana jawo wata. Yaron da hancinsa da ganɗarsa suka matse yakan riƙa numfashi ta baki, dare da rana baki a buɗe. Baki ya bushe ke nan, miyau kuwa shi ne mai wanke haƙora tsakanin abinci da abinci. Wasu suna cizon haƙora cikin barci har su cinye. Wasu suna fama da ciwon kunne a kai a kai, ji ya ragu, ga harshe ba ya samun wurin motsi yadda ya kamata, sai magana ta ƙi fita sarai. Mu malamai mun san abin da ke biyo baya. Yaron da ake dariyar maganarsa, shi ne zai koma bencin baya ya yi shiru, a ƙarshen zango a rubuta masa "ba ya ƙoƙari".

Mafi tsanani ita ce tsagewar leɓe ko ta ganɗa, inda ƙyauren nan biyu suka kasa haɗuwa. A Norway an yi wani babban bincike da aka buga a 2008, aka ga matan da ke shan kofi 5 ko fiye a zama ɗaya a watanni 3 na farkon ciki, haɗarin su haifi mai tsagaggen leɓe ko ganɗa ya ninka na waɗanda ba su sha kamar sau biyu.

A nan zan ja hankalinku, kuma ina roƙo a saurare ni da kyau. Kusan jariri 1 cikin 700 a duniya ana haifarsa da tsagewar leɓe ko ganɗa, kuma mafi yawan iyayensu mata ba su taɓa ɗanɗana giya ba. Gado yana kawo ta, hayaƙin taba yana ƙara haɗarinta, haka wasu magungunan farfaɗiya, sau da yawa kuma ba a gano dalilin ko kaɗan. Haka siririn leɓe, wani gidan haka Allah ya yi su tun kaka da kakanni. Cunkoson haƙora ya cika gari. Wushirya kuwa ado ce, babu ruwanta da wannan zance. Kada wata ta karanta wannan fili ta je gidan suna tana leƙa bakin jaririn mutane, ta dawo tana raɗa. Ɓata sunan baiwar Allah da tsegumi irin wannan yana iya kashe mata aure. Likita ma ba ya yanke hukunci da kallon fuska kaɗai, sai ya auna tsawo da nauyi da girman kai, ya gwada fahimtar yaron, ya kuma bincika tarihin cikin. Bugu da ƙari, yawancin yaran da barasa ta taɓa ƙwaƙwalwarsu fuskarsu lafiya lau take, domin fuska tana da 'yan makonninta ne kawai, ƙwaƙwalwa kuwa wata tara cur ana gina ta.

Wani lissafi da aka buga a 2017 ya nuna kusan mace 1 cikin 10 a duniya tana shan barasa da ciki, kuma cikin kowace 67 da suka sha, 1 tana haifar yaro mai cikakken wannan lahani, watau yara kimanin 119,000 a shekara. Ƙasar da abin ya fi yi wa katutu a wannan lissafi tana nahiyarmu, ita ce Afirka ta Kudu. A gonakin inabi na lardin Western Cape, tun zamanin Turawan farko, an saba biyan leburori wani kashi na ladansu da giya, tsarin da suke kira dop. An hana shi a doka tun farkon shekarun 1960, amma ya ci gaba a wasu gonaki har cikin shekarun 1990, ya bar shaye-shaye ya zama gado daga uwa zuwa 'ya. Da Philip May da abokan aikinsa suka duba 'yan aji ɗaya na firamare a wani gari na lardin, rahotonsu na 2000 ya ce fiye da 40 cikin kowane 1,000 suna da lahanin. In kin taɓa riƙe aji mai yara 50, lissafin ya kama yara 2 ke nan a ajinki. Ni dai in na karanta wannan labari ba na iya ɗora laifin duka a kan matan nan. Wanda ya biya lebura da kwalba maimakon kuɗi, yana da nasa kason.

Babu wani adadi na barasa da likitoci suka tabbatar ba shi da illa ga ciki, kuma babu wani wata da aka ce a sha a cikinsa. Burkutu da fito, ko da yake da dawa ake yin su a tukunyar gida, barasar da ke cikinsu ita ce dai ta kwalba. Wadda ta riga ta sha kafin ta san tana da ciki, kada tsoro ya hana ta zuwa awo. Ta daina daga ranar, ta gaya wa ungozoma gaskiya, domin duk ranar da aka daina ƙwaƙwalwar yaron ta samu sauƙi. Wadda kuwa shan ya kama ta ƙwarai, har jikinta na rawa in ba ta sha ba, kada ta yanke dare ɗaya ita kaɗai a ɗaki, hakan yana iya jawo mata jijjiga. A kai ta asibiti a taimaka mata. Maigida ma ya sani, da wuya mace ta bari in kullum ana buɗe kwalba a gabanta. Ga masu jego kuma, maganar da ake yi a wasu wurare cewa bammi ko baƙar giya na kawo ruwan nono ba ta da tushe. Barasa tana shiga nonon, kuma rage zubarsa take yi.

IN YARON YANA HANNUNKI

Sau da yawa ba uwar da ta haifa ce ke riƙon irin waɗannan yara ba, kaka ce, ko gwaggo, ko wata mai tausayi. To ga abin da ya kamata mai riƙo ta sani.

Tun yana jariri yakan kasa kama nono da ƙarfi, ya tsotsa kaɗan ya gaji. A ba shi kaɗan-kaɗan a kai a kai. In akwai tsagewar ganɗa, nono zai riƙa fitowa ta hanci. A zaunar da shi a miƙe lokacin shayarwa, a tatsi nonon a ba shi da ƙaramin kofi ko cokali mai tsabta, a kuma riƙa kai shi awon nauyi. Tsagewar tana gyaruwa. Akan ɗinke leɓe yana wata 3 zuwa 6, ganɗa kuma tsakanin wata 9 zuwa 18, kafin magana ta kafu. Ƙungiyar Smile Train tana ɗaukar nauyin irin wannan aiki kyauta a asibitoci da dama a Nijeriya, sai a tambaya a babban asibiti mafi kusa. Ɓoye yaro a ƙuryar ɗaki saboda kunya ba ya ƙara masa komai sai jinkiri.

Wanke baki kuwa nan ne ake shan fama. Yawancin yaran nan ba su son a taɓa musu baki, buroshi yana yi musu kamar ƙaya, ɗanɗanon man goge haƙora yana ƙona su. Hannunsu bai iya ƙananan motsi sosai ba, ga mantuwa, abin da kika koya masa jiya yau sai kin sake. Ba taurin kai ba ne, kada ki kai masa hannu. Tun kafin haƙori ya fito ki saba masa da goge dasashi da tsumma mai laushi mai tsabta. In ya fito, ki nemi buroshi ƙarami mai taushi da man da ke da fulorayid. Ƙasa da shekara 3, ki shafa kamar ƙwayar shinkafa. Daga 3 zuwa 6, kamar ƙwayar wake ƙarama. Sau biyu a rana, na dare shi ne ba a fashi. Ki riƙe lokaci ɗaya, wuri ɗaya, tsari ɗaya kullum, ki faɗi umurni ɗaya a lokaci guda: buɗe baki, na sama, na ƙasa, tofar. Sauran yara akan sa musu ido har shekara 7 ko 8, shi kuwa watakila ki ci gaba da bi masa har ya wuce haka. In ya girma ya fi son asuwaki, babu laifi, a tauna bakinsa ya yi laushi, amma kada a bar man nan mai fulorayid, raunannen ɓawo yana bukatarsa. Alawa da minti da lemon kwalba a rage, kuma kada a kwantar da shi da bulumboti mai zaƙi a baki.

Ki lura da shekara 6. A lokacin ne turame huɗu na farko na girma suke fitowa can ƙurya, bayan haƙoran yarinta, ba tare da wani ya faɗi ba. Uwaye da yawa suna ɗauka na yarinta ne, su ce ai zai yi famfara ya zubar. Waɗannan ba su da magaji, in sun ruɓe sun tafi ke nan.

A kai shi wurin likitan haƙori tun yana shekara 1, kada a jira sai kumatu sun kumbura. A nemi lokacin safe kafin ya gaji, zuwan farko ma ya zauna a kujera kawai ya saba da wurin. In cizonsa a juye yake, akwai wani ɗan ƙarfe da ake maƙala wa ganɗa yana buɗa muƙamuƙin sama sannu a hankali, kuma ya fi aiki tsakanin shekara 7 zuwa 10 tun ƙashi bai gama ƙarfi ba. Ki tafi da duk magungunan da yake sha. Maganin farfaɗiya mai suna fenitoyin yana sa dasashi ya kumbura ya hau kan haƙora, wasu magungunan kuma suna busar da baki. Wasu daga cikin yaran nan ana haifarsu da lahani a zuciya, saboda haka in an taɓa gaya miki yana da shi, ki faɗa wa likitan kafin ya cire haƙori ko ya yi masa allurar kashe zafi, ko da bai tambaye ki ba.